Amsa: wace manhaja ake sa wa kwamfuta don kallon bidiyon labarai?

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ka sayi kwamfuta ta hannu, in ka buɗe bidiyon labarai sai allo ya yi baƙi ko ya yi ta juyi, wani kuma ya ba ka shawarar ka sa Flash Player, tsohuwar manhajar kunna bidiyo a intanet. Gyaran kwamfuta sana'ata ce a nan Maraɗi, wannan kukan kuwa kullum sai an kawo mini irinsa.

Don Allah kar ka sa shi. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash tun 31 ga Disamba 2020, a Janairun 2021 kuma ya toshe shi ɗungurungum. Duk shafin da ya ce maka yau sai ka sauke Flash kafin ka kalla, tarko ne. Wani malamin makaranta ya kawo mini tasa bayan ya danna irin wannan: ko bai taɓa komai ba tallace-tallace ke buɗo kansu, an kuma shige masa Facebook. Sai da muka kwashe takardun jarabawarsa a kile, wato ɗan ma'ajin USB, muka goge komai. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Bidiyon yanzu burauza ce, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da kanta ke kunna shi, ta tsarin HTML5. In kana da sabuwar Chrome, Firefox ko Edge, to BBC Hausa, DW Hausa, TRT Afrika, da duk abin da ke YouTube da Facebook za su buɗe ba tare da ƙarin komai ba, kuma kyauta ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsufan na'urar. Da yawan kwamfutocin hannu da ke shigo mana Windows 7 ne a kansu, wanda Microsoft ya daina sabuntawa tun Janairun 2020. Chrome ta tsaya a lamba 109 a kansa, Internet Explorer kuwa an yi mata ritaya a 2022, kar ma ka wahalar da kanka da ita. In naka 7 ne, gwada Firefox ESR 115 ka lallaɓa da ita. Amma a ganina, in RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ta kai giga 4, gara a sa mata Linux Mint a madadin Windows ka huta.

Sai ka dubi agogo a ƙasan allo. Mutane ba sa kawo wannan a rai. Akwai ɗan batiri a cikin kwamfutar mai riƙe agogon, CR2032, girmansa kamar dala goma ta ƙarfe. In ya mutu, da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka su riƙa cewa haɗin ba shi da tsaro, su ƙi buɗewa. Gyara kwanan watan, ka sauya batirin.

In bidiyon na buɗewa amma yana tsaitsayawa, wannan rezo ne, wato ƙarfin intanet, ba manhaja ba. Danna alamar saiti a ƙasan bidiyon ka sauko da shi 360p, ko 240p da dare lokacin da kowa ya hau. Labari ai ji ya fi kallo muhimmanci, forfe ɗinka ma zai fi daɗewa. In da waya kake jona kwamfutar, ka nuna wa Windows 10 cewa haɗin mai iyaka ne, in ba haka ba sabuntawa za ta shanye megas ɗinka ba ka kalli komai ba. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, na'ura ta yi zafi bidiyo ya riƙa sarƙewa, a hure ta.

VLC, manhajar kunna bidiyo, ita kaɗai nake ƙarawa, saboda bidiyon da aka turo maka ta WhatsApp ko a kile. Daga videolan.org za ka sauke ta.

Ka rubuto mana wane Windows ne a kanta da abin da allon ke rubutawa daidai, ko da Faransanci ne, in sha Allah sai in faɗa maka ta inda za ka fara.