Amsoshin Wasiƙu: Tabarau da Gaɓoɓinsa

Wani malamin makaranta daga Tawa ya rubuto yana tambaya: "Malam, wanne ne Hausa, tabarau ko lunet?"

Tabarau dai, ɗan'uwa. Lunet aro ne daga Faransanci, kamar yadda gilashi ya shigo wa ƴan Najeriya daga Ingilishi. Ban ƙi aro ba, amma mai abinsa a ɗaka ba ya zuwa aro gidan maƙwabci. Akwai kuma minzari, wanda tsofaffin malamai ke faɗi. Daga Larabci yake, tushensa ɗaya da nazari.

Wata baiwar Allah daga unguwar Wadata, nan Yamai, ta ce ta kai gyaran tabarau Babbar Kasuwa, mai gyaran ya ce mata "reshe" ne ya karye. Ko haka ake cewa?

A'a, Hajiya, kuma wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Bature ne ya kira sandunan nan biyu masu maƙale kunne da sunan reshen itace, sai mutanenmu suka kwaso fassarar ɗanya suka dire mana. Bahaushe kuwa da jikinsa yake raɗa wa sassan kaya suna. Yana cewa bakin tulu, wuyan riga, ƙafar kujera, gindin tukunya, har hancin takalmi, wato ɗan madaurin nan da ke shiga tsakanin yatsu. To don me in an zo kan tabarau za mu tafi daji neman reshe? Ki ce hannun tabarau. Wasu na cewa ƙafa, ban hana su ba, tunda duk jiki ne. Inda hannun ke lanƙwashewa in kin naɗe shi, wurin da ƴar ƙusar nan take wadda kan kwance ta faɗi cikin rairayi a yi ta lalube, ni gwiwa nake kiransa. Abin da ya haɗa idanun biyu ta tsakiya, kada ki bari wani ya ce miki gada. Shi hanci ne, domin bisa karan hanci yake zama. Duk wanda kika ce wa "hancin tabarau ya karye" ya gane, ko bai taɓa shiga aji ba. Gilasan nan biyu kuma idanu ne. Ƴan boko ne kawai ke wahalar da mu.

Wani ya tambayi ma'anar "lamba". Ƙarfin gilashin ake nufi. Na karatu, wanda mutum kan fara bukata in ya haura shekara 40, yawanci daga +1 zuwa +3 yake. A je likita ya auna, a daina saye a tire.

Wani dattijo yana so ya ji ko tabarau na maganin yanar ido. Ba ya yi, Baba. Yanar ido sai aiki a asibiti. Kada kuma a haɗa ta da dundumi, shi rashin gani ne da dare.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce, kan karin maganar nan, "Abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa." Zancen zumunci ne, yaro: abin da ya sami ɗan'uwanka ko maƙwabcinka, kai ma ya same ka. Babu ruwanta da tabarau.