Filin Masu Mota: Injina ƙarami ne mai turbo, me ya sa yake shan mai kamar babba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wata biyar ke nan da na sayar da tsohuwar motata mai inji lita 2.4, na sayi mai lita 1.5 da turbo, don an ce mini ba ta shan mai. Takardarta ta ce lita 6 a kilomita 100, amma allon gaban sitiyari bai taɓa nuna mini ƙasa da 9.5 ba. Tafiyata ta kullum kilomita 7 ce zuwa wurin aiki, cikin cunkoso, da na'urar sanyi a kunne. Ƙarshen wata nakan yi doguwar tafiya da iyali da kaya, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina ba ta wuta. Bakanikena ya ce turbo ne ke zuƙe man, in na yarda ya toshe shi. Cutata aka yi, ko motar ce ba ta da lafiya?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka bari kowa ya taɓa turbon nan. Da shi aka ƙera injin, kuma kwamfutar motar ta san da zamansa. In aka toshe shi, za ka wayi gari da inji lita 1.5 mara kuzari yana jan gangar jikin da ta fi ƙarfinsa, fitilar gargaɗi ta kama, kai kuma ka riƙa danne totur har ƙasa don kawai ka hau ɗan tudu. Man da kake son ragewa sai ya ƙaru.

Turbo kansa ko ɗigon fetur ba ya sha. Iska yake turawa. Fetur ba ya ƙonewa yadda ya kamata sai da iska, kimanin kilo 14.7 na iska ga kowane kilo 1 na fetur, saboda haka ƙarfin kowane inji ya tsaya ne a iya iskar da zai iya shaƙa. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar tun 1905: hayaƙin da ke fita salansa yana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da aka ƙona, to me zai hana a sa masa fanka a hanya? Hayaƙi ya juya wannan fankar, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya da ita, 'yar'uwar ta cusa iska cikin inji da ƙarfi. Juyin nan yakan haura sau 150,000 a minti. In turbo ya ninka iskar da ke shiga, injinka na lita 1.5 (girman cikin silindojinsa ke nan, ba man da yake sha ba) yana numfashi ne kamar na lita 3, kwamfuta kuma ta zuba masa fetur daidai da iskar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Dokin da kake ji a ƙafarka lokacin da motar ta manna ka da kujera, da fetur aka biya shi.

To ina tsimin da aka yi maka alkawari? Yana cikin ƙanƙantar injin, ba cikin turbo ba. Mota irin taka, a miƙaƙƙiyar hanya da gudun kilomita 90, ba ta buƙatar abin da ya wuce ƙarfin doki 20 zuwa 25. Babban inji a wannan hali totur ɗinsa kusan a rufe yake, yana fama ya ja iska ta 'yar kafa kamar mai mura, kuma wannan faman kansa asara ce. Ƙaramin inji kuwa totur ɗinsa ya fi buɗewa, ƙarafansa masu gogayya ba su kai na babba ba, nauyinsa ma bai kai ba. Muddin kana wannan tafiyar, turbo na gyangyaɗi, kana tuƙa ƙaramar mota mai tsimi. Da ka danna ƙafa sai ya farka. Inji biyu ka saya a jiki ɗaya, ƙafarka ta dama ce ke zaɓen wanda za ka ciyar. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa so su yi dogon bayani a kai. Iskar da aka matse zafi take yi, ko da ta bi ta ɗan lagireton da ke sanyaya ta. Zafi da matsi suna sa fetur ya fashe a silinda ba bisa ƙa'ida ba, abin da ke iya huda fistin. Don kare injin, kwamfuta tana jinkirta tartsatsin fulogi, sannan in wuta ta yi wuta, hayaƙi ya doshi digiri 950, sai ta ƙara fetur fiye da abin da iskar za ta iya ƙonewa, wato daga kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur ta sauko wajen 12 ko ƙasa. Wannan rarar ba tura mota take yi ba, sanyaya ƙarfe take yi. Wato a lokacin da kake wuce babbar mota a kan tudu, da mutum biyar da kaya a but, wani kaso na fetur ɗinka aikin ruwan sanyi yake yi. Sababbin injuna sun rage wannan ɗabi'a, amma ba duka suka rabu da ita ba. Don gudun fashewar nan ne ma yawancin injunan turbo ake rage musu matsin silinda, wato ninkin da fistin ke matse iska, zuwa wajen 10, alhali injin lita 2.5 mara turbo da Toyota ta sa a Camry ta 2018 yana da 13. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga babban inji na zamani ya yi kunnen doki da ƙaramin mai turbo a gidan mai. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada irin waɗannan ƙananan injuna a 2013, ta ce da yawansu ba su fi manyan da suka maye gurbinsu tsimi ba.

Yanzu lita 6 ɗin takarda. Ba a kan titi aka samo ta ba. A ɗakin gwaji ake ɗora mota kan wasu ganguna masu juyawa, direba ya bi layin da aka zana masa a allo. Tsohon gwajin Turai, NEDC, minti 20 ne, kilomita 11, matsakaicin gudu 34 a awa, na'urar sanyi a kashe. A cikinsa ana ɗaukar daƙiƙa 26 kafin a kai gudun 50 daga tsaye. Gwada wannan gobe a fitilar kan hanya ka ji irin hon da za ka sha. A irin wannan lallaɓawa turbo da ƙyar yake buɗe ido, don haka ƙananan injuna suka riƙa cin jarrabawar da kyakkyawan sakamako. Cibiyar bincike ta ICCT ta bi diddigin motocin Turai, masu turbo da marasa shi, ta tarar tazarar da ke tsakanin takarda da titi ta tashi daga kusan kashi 9 cikin 100 a 2001 zuwa kusan 42 a 2015. A Satumban 2017 aka fara sabon gwaji, WLTP: minti 30, kilomita 23, gudu har 131. Ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma ba a kunna na'urar sanyi, kuma rahoton Hukumar Tarayyar Turai na 2024 ya nuna har yanzu titi ya fi takarda da wajen kashi 20. In motarka ta zamanin tsohon gwajin ce, ɗora kashi 40 a kan 6, ka ga 8.4 tun ba a zo ga irin tafiyarka ba.

Irin tafiyarka kuwa ita ce mafi muni ga kowane inji. A kilomita 7, inji yana gama ɗumi ne kana isa. Sanyayyen inji mai yake sha, tsayuwa a cunkoso mai ne ba tare da ko taku ɗaya ba, na'urar sanyi kuma ta fi nauyi a wuyan ƙaramin inji. A doguwar tafiya, iska ce abokiyar gabarka: daga gudun 100 zuwa 130, turjiyarta na ƙaruwa da kusan kashi 70, kuma daidai nan ne turbo ke kwana a farke.

Ni ma mai lita 1.4 da turbo nake hawa, kuma ina da ɗan littafi a aljihun ƙofa da nake rubuta kowace lita. Akwai hanyar da na bi sau biyu cikin wata ɗaya. Ranar farko ba ni da gaggawa, na tsaya tsakanin 95 da 100, ta sha 5.8. Karo na biyu na makara, allurar maleji ba ta sauka daga 135 ba, ta sha 8.4. Mota ɗaya, direba ɗaya. Da wani ya ba ni labari, da na ce ɗaya daga cikin lissafin ƙarya ne.

Ka lura ba ka faɗa mini abin da tsohuwar motarka ke sha ba. Ina zargin ba ta da allon da zai tona mata asiri, shi ya sa kake tuna ta da alheri. Allon ma ba alƙali ba ne, yakan yi kuskure, galibi wajen yabon mota. Ka cika tanki har bututun ya katse da kansa karon farko, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi harkokinka. Ka dawo famfo ɗaya ka sake cikawa. In ka yi kilomita 420 ta ɗauki lita 38, lita 9 ke nan a kilomita 100, wato kilomita 11 a lita. Tanki uku za ka yi, ɗaya ba ya isa shaida. Kuma in za ka kwatanta da abin da kake gani a intanet, ka kula: galan na Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya 4.546, don haka mil 30 a galan lita 7.8 ne a kilomita 100 a wurin Ba'amurke, 9.4 a wurin Bature ɗan Ingila.

Lafiyar motar kuma ga yadda za ka gane. Ka sami hanya shimfiɗaɗɗiya, inji ya ɗumama, ka kashe na'urar sanyi, ka goge lissafin allo, ka riƙe 90 na tsawon kilomita 40. In ta nuna 6 ko kusa da haka, lafiyarta lau. In ta haura 8, akwai matsala, kuma sai a sa kwamfuta a duba: tiyon iska da ya tsage tsakanin turbo da inji, sensar da ke kan salansa, fulogi da suka gaji, birki mai riƙe taya, ko iskar taya da ta yi ƙasa. Ka tambayi bakaniken naka ko an cire tamostat, ɗan abin da ke daidaita zafin inji. Wasu suna cire shi wai don kada mota ta yi zafi, sai inji ya kasa kai zafin aikinsa, kwamfuta ta yi ta ba shi mai kamar yanzu aka tashe shi.

Ba na jin an cuce ka, amma an sayar maka da rabin magana. Da ka tambaye ni kafin ka saya, da na ce mai kilomita 7 cikin cunkoso motar haɗaka ta batir da fetur ta fi dacewa da shi, don ita a tsaye injinta kashe kansa yake yi, birki kuma caji ne a wurinta. Amma sayar da mota wata biyar da saye don rarar lita biyu, asarar da za ka yi a ciniki sai ta shafe shekaru ba ta dawo ba.

Tambaya: Malam, littafin motata ya ce a sa fetur mai lamba 95, ni kuma 91 nake sawa. Sannan yayana ya ce dole in bar ta a silo minti biyar kafin in kashe, saboda turbo. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, lambar nan ma'aunin juriyar fetur ce ga fashewar da na ambata a sama. In kin sa 91 a injin da aka tsara wa 95, akwai sensar da ke jin ƙarar, sai kwamfuta ta ja da baya: ƙarfi ya ragu, shan mai ya ɗan ƙaru, musamman da zafin rana ko a kan tudu. Ki duba kalmar littafin da kyau. In shawara ya bayar, 91 ba zai kashe injin ba. In ya ce wajibi ne, ki bi shi.

Yayanki kuma yana da gaskiyar zamaninsa. Tsofaffin turbo baƙin mai kaɗai ke sanyaya su, in aka kashe su da zafi sai man ya ƙone a kan sandar. Na yanzu yawancinsu ruwa na zagaya su, wasu ma da ɗan famfon lantarki da ke ci gaba da aiki bayan an zare makulli. In daga gudu mai tsanani kika tsaya kai tsaye, ba ta minti ɗaya. In kin shigo unguwa a hankali, kashe abarki. Silo da na'urar sanyi yana iya cin lita guda a awa. Inda nake so ki tsananta shi ne juyen baƙin mai: a kan lokaci, da kaurin man da littafi ya faɗa, mai alamar API SP ko wadda ta biyo bayanta. A 2020 aka fito da SP, kuma cikin dalilanta har da kare ƙananan injunan turbo daga wata muguwar fashewa da ke faruwa in aka danne totur a babbar giya inji na juyi a hankali. In giyar hannu ce motarki, kika ji ta fara kakkarwa a ta biyar, sauko ta huɗu kafin ki taka.