Tambayoyin Masu Karatu: Mene Ne Aikin Ɗan Sandan Waje a Ƙasarmu?

Tambaya: Kullum muna ji a rediyo cewa EFCC ta kama wasu 'yan damfara da haɗin gwiwar FBI. Wato jami'in Amurka yana da ikon ya zo Barnawa ya kama mutum? Daga wani ɗalibi a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Ba shi da wannan iko, ɗan'uwa, ko na minti ɗaya. Wanda kake jin labarinsa shi ne jami'in tuntuɓa, wato ɗan sanda ko jami'in bincike da ƙasarsa ta turo ya zauna a wata ƙasa, yawanci a ofishin jakadancinta, da amincewar masu masauki. FBI na da irinsu a Najeriya, haka ma hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya, NCA. Ba ya kama mutum, ba ya binciken gida, ba ya titsiye wanda ake zargi a kan gaban kansa. Idan ka ga an sa wa wani ankwa a Kaduna, hannun jami'in Najeriya ne ya sa ta, bisa dokar Najeriya.

To me yake yi da har ake biyansa? Sanin mutane. Takarda daga Landan za ta iya yin watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur don kawai an aika ta inda ba a nan take ba. Shi kuwa ya san cewa maganar ƙwaya ta NDLEA ce, safarar mutane ta NAPTIP, damfarar kuɗi ta EFCC, ya kuma san wa zai buga wa waya a kowacce. Da ɗan gari akan ci gari. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin ƙwayoyi da ta Falarmo ta 2000 kan gungun masu laifi duk sun ambaci tura irin waɗannan jami'ai.

Amfaninsa ya fi fitowa a inda lokaci ya ƙure. Ɗauki kunshin hodar ibilis da aka gano a wani filin jirgin sama na waje, an rubuta adireshin Kaduna a jiki. Maimakon a ƙwace shi a can, sai ƙasashen biyu su yarda a bar shi ya wuce ana bin sa a ɓoye har hannun mai karɓa. Wannan sai da mutum guda da ke riƙe da wayoyi biyu, yana faɗa wa kowane ɓangare lambar kunshin, nauyinsa, jirgin da ya ɗauko shi da sa'ar saukarsa. Aka samu giɓin awa biyu babu mai ido a kai, lauyan wanda ake tuhuma zai ce an sauya kaya a hanya, kuma kotu za ta saurare shi.

Akwai wani bambanci da ke kayar da shari'u da yawa. Abin da jami'in tuntuɓa ya miƙa wa takwaransa bayanin sirri ne, na nuna hanya. Ba kasafai yake zama hujja a gaban alƙali ba. Hujja, kamar bayanan asusun banki na waje ko saƙonnin imel, tana bi ta ofishin Ministan Shari'a na Tarayya, ƙarƙashin dokar taimakon juna kan shari'o'in laifi ta 2019. Wannan hanya tana da jinkiri, shi ya sa mai bincike mai wayo yake fara neman jami'in tuntuɓa ya sa kamfani ya adana bayanan kafin a goge su. A dokar Amurka kamfani yana adanawa kwana 90, ana kuma iya ƙara wasu 90. Wanda ya yi sakaci da wannan matakin, takardarsa za ta isa a ce masa babu komai.

Tambaya: 'Yata ta tafi aikatau ƙasar Larabawa ta hannun wani ejan. Wata huɗu ke nan wayarta a kashe, shi ma ejan ɗin ya daina ɗauka. An ce in je Interpol. Ina ofishinsu yake? Daga wata uwa a Rigasa.

Amsa: Hajiya, Allah ya bayyana ta cikin ƙoshin lafiya. Interpol, wato ƙungiyar haɗin gwiwar 'yan sandan ƙasashen duniya, ba ta karɓar ƙara kai tsaye daga mutane, kuma ba ta da 'yan sandan kanta da ke zuwa ceto. Hedikwatarta na birnin Liyon na Faransa, kowace ƙasa daga cikin mambobinta 196 tana da ofishi guda da ke magana da sauran. Namu yana Abuja, ƙarƙashin rundunar 'yan sandan Najeriya, 'yan sandanmu ne kuma a ciki.

Ki fara daga caji ofis mafi kusa, a rubuta ƙarar, ki nemi a miƙa ta sashen CID na jiha. Ki kai wa NAPTIP ita ma, tunda da hannun ejan a ciki. Su ne za su nemi ofishin Abuja ya fitar da sanarwa mai launin rawaya, wadda ake yi don wanda ya ɓace, su kuma taɓo ofishin jakadancinmu na can. Ki tafi da kwafin shafin fasfo mai hoto, lambar wayarta ta can, lambar ejan, lambar asusun da aka tura masa kuɗi da rasit, ranar tashi da filin jirgin da ta bi. Saƙonnin WhatsApp kar a goge ko ɗaya, har na murya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne suna. A gida Hassana ce, a fasfo ejan ya rubuta wani suna, ya ƙara mata shekaru. Kwamfutar can abin da ke fasfo ta sani. Don haka ki faɗi gaskiyar abin da aka rubuta ko da ba shi ne daidai ba. Wanda kuma ya kira ki ya ce shi jami'in Interpol ne, a turo kuɗin buɗe fayil, ɗan damfara ne.

Tambaya: Ina sayar da motocin Kwatano. An ce mota za ta iya fitowa a matsayin ta sata daga Kanada bayan na biya kwastan. Yaya zan kare kaina? Daga wani dillali a Kawo.

Amsa: Haka ne, Alhaji. Takardar kwastan shaidar biyan haraji ce, ba ta wanke mota daga sata. Interpol na da rumbun bayanan motocin da aka sace, ana nema da lambar chasis mai haruffa da lambobi 17. Ka gwada ta jikin gilashin gaba da ta bakin ƙofar direba da ta takarda, su zo ɗaya. Idan ka ga harafin I ko O ko Q a ciki, ja da baya, ba a sa su a lamba ta gaskiya. Kafin ka ba da kuɗi ka nemi 'yan sanda su duba lambar, ka ajiye amsar a rubuce tare da shaidar wanda ya sayar maka.

Tambaya: Idan Interpol ta sa wa mutum jar sanarwa, shi ke nan za a miƙa shi ga ƙasar da ke neman sa? Daga wani mai karatu a Kakuri.

Amsa: A'a. Jar sanarwa roƙo ce ga ƙasashe su nemo mutum su tsare shi, ba sammacin kamu na duniya ba ce, kuma sashe na 3 na tsarin Interpol ya hana ta shiga batun siyasa, soja, addini ko launin fata. Miƙa mutum a nan sai Ministan Shari'a ya shigar da buƙata gaban Babbar Kotun Tarayya, a nuna cewa abin laifi ne a ƙasashen biyu. Tsakaninmu da Amurka har yau da yarjejeniyar 1931 ake aiki, wadda muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Dattawan Kaduna ba su manta da Yulin 1984 ba, lokacin da aka tsinci tsohon minista Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted na Ingila, ana ƙoƙarin sato shi zuwa Najeriya ba tare da bin kotu ba. Bai iso Legas ba, mutum huɗu sun sha ɗauri a Ingila, dangantakar ƙasashen biyu kuma ta yi shekara biyu a lalace.