Atishawar Watan Afrilu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata uku a Mancesta, na biyo maigida da ya zo karatu. Shekarar farko lafiya lau na yi ta. Bara da bana kuwa, da Afrilu ya kama sai atishawa ta sa ni gaba, wani lokaci goma a jere, hanci na tsiyayar ruwa, idanu su yi jajur, har ganɗata ƙaiƙayi take. Mama ta ce sanyin ƙasar ne ya shige ni, ta aiko mini da citta da kanumfari da amoksilin. Na sha, ban ga sauyi ba. Kwanan nan kuma in na ci ɗanyar tuffa sai leɓena ya kama ƙaiƙayi. Me ke damuna?

AMSA: Wa alaikis salam 'yar uwa. Citta da kanumfarin Mama ki ci gaba da shan abinki a shayi, amma don Allah ki ajiye amoksilin ɗin nan. Maganin ƙwayar bakteriya ne, kuma bayaninki bai nuna ita ke wahalar da ke ba. Mura takan yi mako ɗaya zuwa kwana 10 ta wuce, sau da yawa da ciwon jiki da majina mai kauri. Wadda ke dawowa wata guda kowace shekara, da ƙaiƙayin ido da ruwan hanci garau, alaji ce.

Abin da nake zargi shi ne ƙurar furen itatuwa. A Ingila, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, itatuwa na sakin wani gari mai laushi da iska ke ɗauka. Wanda ya fi addabar mutane wani itace ne mai farin ɓawo da suke kira birch, kuma a Afrilu yake tashensa. Garkuwar jikinki ce ta ɗauki garin a matsayin maƙiyi, da ya sauka a hanci ko ido sai ta saki sinadarin histamin mai jawo atishawa da ƙaiƙayi. Kada lafiyar shekarar farko ta ruɗe ki: sai jiki ya shaƙi abin ya san shi kafin ya fara faɗa da shi. Tuffar ce ma ta ƙara mini ƙarfin zato, domin akwai furotin a cikinta mai kama da na garin birch, haka a karas da ceri. Dahuwa na lalata shi, shi ya sa dafaffiya ba ta cika damun mutum ba. Amma in leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a kira lambar gaggawa ta 999 nan take.

Zato dai zato ne, sai an gwada. Ki ga likitanku da rubutaccen bayanin ranakun da abin ke tashi da lafawa, don ciyawa ma na sakin tata ƙurar daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli. Gwajin fata ba wuya: a ɗiga ruwan garin a hannu, a ɗan soki fatar, bayan minti 15 in wurin ya tashi kamar cizon sauro an gane. Sai kin daina shan maganin alaji kwanaki kafin ranar, in ba haka ba ya ɓoye sakamakon. Akwai kuma gwajin jini na IgE, wato sinadarin da garkuwar jiki ke samarwa kan abin da ke tayar wa mutum alaji. A garin nan da kike ne wani likita, Charles Blackley, ya goga garin fure a fatarsa da ya karce, ya wallafa a 1873 cewa shi ne sanadin wannan ciwo.

Kuskuren da na fi gani, kuma yana ba ni takaici, shi ne jira sai hanci ya toshe kafin a nemi magani. Feshin hanci mai siteroyid, kamar mometason ko flutikason, shi ya fi aiki, amma yana son a fara shi mako biyu kafin lokacin, kullum ba fashi. Ki ɗan sunkuyar da kai, ki karkata bakin kwalbar wajen kunne, kada ki zuƙa da ƙarfi ya zarce maƙogwaro. Ƙwaya kuwa ki nemi setirizin ko loratadin. Piriton da muka saba da shi a gida barci yake sawa. Feshi irin Otrivin mai buɗe hanci nan take kada ya wuce 'yan kwanaki, don yana mayar da toshewar ta fi ta da. In da juna biyu ko shayarwa, ki faɗa wa likita tukuna.

Ranar da hasashen Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, ya ce ƙurar ta yi yawa, ki rufe taga, ki shanya kaya a ciki. In kin dawo daga waje ki cire hijabi da mayafi a falo, ki wanke fuska, ki shaƙa ruwan gishiri na kemis. Ɗan basilin a bakin hanci na tare wani abu. In duk bai wadatar ba, akwai maganin da ke koya wa jiki sabawa da garin a hankali, na kimanin shekara 3, a hannun ƙwararru.

Abu ɗaya ba ki ambata ba kuma ina son sani: kina tari da dare, ko ƙirjinki na ƙara kamar fito in kin hau bene? Wannan alaji da asma 'yan gida ɗaya ne. In haka ne kada ki jira baɗi, ki nemi ganin likita cikin makon nan a auna numfashinki.