Wasan Yara a Waje Lokacin Bazara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tudun Wada, Kaduna, da yara uku: ɗan shekara huɗu, 'yar shekara biyu, da jaririya 'yar wata biyar. Tunda bazara ta kama ɗaki ba ya zaunuwa, ga ɗauke wuta, manyan kuma sai rigimar fita suke yi. Yaya zan bar su su yi wasa a waje ba tare da zafi ya yi musu illa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki bar su su fita, 'yar'uwa, amma ke za ki zaɓa musu lokaci. A Kaduna, daga watan Maris har damina ta kankama, zafi kan haura digiri 35 da rana, kuma ya fi tsananta tsakanin azahar da la'asar. Don haka wasan guje-guje, kamar ƙwallo, ɓuya da tuƙa taya, a yi shi da safe kafin ƙarfe 10, ko da la'asar sakaliya. A tsakani sai na zaune: wasan ƙasa, 'yartsana, gini da jiƙaƙƙen yashi. Carafke dai a dakata da shi, 'yar shekara biyu na iya jefa tsakuwa a baki.

Inuwa ma ba ɗaya ba ce. Gindin darbejiya ko mangwaro ya fi rumfar kwano nesa ba kusa ba, domin kwano zafin yake sha ya sauko da shi kan yaro. Kafin su taka siminti ba takalmi, ɗora bayan hannunki ki ƙirga biyar. Idan ba ki iya jurewa ba, tafin ƙafar yaro ƙonewa zai yi. Haka za ki gwada ƙarfen lilo in kun je wurin shaƙatawa na Gamji Gate. A sa musu riga 'yar shara ta auduga mai hasken launi, da hula mai baki. Yadin roba riƙe zufa yake yi, shi ke tayar da ƙurajen zafi a wuya da hammata.

Inda aka fi yin sake shi ne ruwan sha. Yaro in wasa ya yi masa daɗi ba ya cewa ƙishirwa, ga jikinsa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Kada ki jira ya nema. Ba shi kafin ya fita, sannan duk bayan minti 15 zuwa 20 ki kira shi ya kurɓi kamar rabin ƙaramin kofi. Ruwan randa mai tsafta ya wadatar, ba sai na ƙanƙara ba, lemon kwalba kuwa ba ya tsayawa a madadinsa. Ki haɗa musu da kankana ko kokwamba. Kunun aya yana da daɗi, amma a wannan zafi cikin 'yan sa'o'i yake yin tsami in ba a firiji yake ba. Ma'auninki shi ne fitsari: in fari-fari ne ruwa ya isa, in ya yi ja ya ragu a ƙara.

Wasan ruwa a tsakar gida yana sanyaya su ƙwarai. Zuba ruwa a baho iya idon sawu, ki ba su kofuna da soso. Sai dai ki zauna inda hannunki zai kai gare su, domin ruwa mai zurfin santimita 5 ya isa ya kashe ƙaramin yaro in ya kife a ciki, kuma ba a jin ihunsa. Da an gama a zubar, a kife bahon. Kogin Kaduna da kududdufai ba wurinsu ba ne, ga nutsewa ga tsargiya.

Jaririyar kada rana ta taɓa ta kai tsaye, kuma kada a ba ta ruwa sai ta cika wata shida. Nono ya ishe ta, ki dai yawaita ba ta, ke kuma ki yawaita sha. In kin goya ta, kada ki lulluɓe ta ruf da hijabi, iska ba ta shiga. Mota a rufe kuwa kada a bar yaro a ciki ko na minti ɗaya.

Idan kika ga yaro ya yi laushi, yana kukan ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, kai shi inuwa, tuɓe masa riga, shafe shi da ruwa ki yi masa fifita. Ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: ƙunshi ɗaya na kemis a lita ɗaya, wato ledar fiya wata guda biyu. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a shafe ba a tsiri ba. In minti 30 ta wuce bai warware ba, asibiti. Amma in jiki ya yi zafi zau, yana sambatu, ko ya suma, ko yana jijjiga, ko maɗigar jaririya ta faɗa, kada a ɗura masa komai a baki. A tafi nan take ana jiƙa shi a hanya. Zazzaɓi da sandarewar wuya kuma kada a ɗora wa rana, lokacin sanƙarau ne, likita ya kamata ya gani a ranar.