Ga ɗan'uwa da fuskokin mutane ke fita masa toka-toka a hoto

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tambayarka ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don duk wanda ya daɗe yana ɗaukar fuskar baƙar fata ya san ɗacin abin da ka faɗa. Ka ce ƙaramar Canon gare ka mai sensa APS-C (sensa ita ce farantin da ke kama haske a cikin kyamara, APS-C kuma ƙarama ce) da lens 50mm f/1.8 (lambar f tana nuna buɗewar lens, ƙaramar lamba babbar buɗewa), ido ba ya fita garau, kuma da zarar ka shigar da hoton Lightroom, manhajar gyaran hoto, ka haska fuskar sai ta koma toka-toka, kamar an baɗe ta da ƙura. Sannan kana tambaya ko ka sayar da ita ka sayi mai babbar sensa. Kada ka sayar. Riƙe kuɗinka. Duk wanda ya ce maka babbar sensa za ta magance wannan, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa yana da kyamarar da yake neman saukewa a kanka.

Tokar nan ba a Lightroom take farawa ba, tun wurin ɗauka ta samo asali. Ma'aunin haske da ke cikin kyamara ba shi da wayo ko kaɗan. An gina shi ne ya ɗauka duk abin da ke gabansa matsakaicin ruwan toka ne, wanda ake ƙiyastawa da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kai. To ka tsayar da baƙin mutum cikin farar riga, ko ka sa farin bango a bayansa, ko sararin sama. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske don farin ya sauko tsakiya. Rigar ta dushe, fuskar kuma ta nutse cikin duhu. Kai kuma ka dawo gida ka ja Shadows, mai haska wuraren duhu, zuwa +80 ko +100 don ka ceto ta. A cikin duhun nan ne sensa ke da ƙarancin bayani, launi ya yi rauni, tsaki-tsaki ya yi yawa. Abin da ka ɗago ke nan: toka da yashi-yashi, wani lokaci har da kore-kore a ƙarƙashin haɓa.

Maganin yana kan maɓallin +/- na ƙara ko rage haske da ke bayan kyamararka. Idan da farar riga ko bango mai haske, ƙara +2/3 zuwa +1. Kunna gargaɗin nan da ke ƙyalƙyali a inda fari ya ƙone, ka riƙa ƙarawa har rigar ta fara ƙyalƙyalin, sai ka dawo baya 1/3. Idan kuma kana auna fuskar kai tsaye da ma'aunin ɗigo ɗaya, abin juyawa yake yi: kyamara za ta so ta mai da baƙar fata matsakaiciya, ta haska ta fiye da yadda Allah ya yi ta, don haka a nan ragewa za ka yi, -1/3 zuwa -1 gwargwadon duhun fatar. Mafi sauƙi duka, ka nemi katin gwaji mai ruwan toka, ka sa mutumin ya riƙe kusa da kumatunsa, ka auna a kai, ka koma M, wato saitin hannu, ka kulle. Muddin hasken bai sauya ba, ba ka ƙara taɓa komai. Kuma kada ka yarda da sikirin ɗin baya, da rana yana yi maka ƙarya hoto ya yi duhu, da dare ya ce maka ya yi haske. Histogiram, zanen da ke nuna yawan duhu da haske a hoton, za ka kalla.

RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, kake ɗauka kuwa? Ba ka faɗa ba. Idan JPEG ne to rabin matsalar ke nan. JPEG bit 8 ne, matakai 256 kacal a kowane launi. RAW na yawancin kyamarorin nan bit 12 ne ko 14, kuma bit 14 matakai 16,384 ne. Fata mai duhu tana zaune ne a ƙasan ma'aunin inda matakan suka fi ƙaranci, shi ya sa JPEG ke saurin tsagewa da an ɗan ja shi.

Bari in tsaya a nan in faɗi abin da ke cina, don na san ka san shi. Ka ɓata dare kana gyara fuska, ka bar mata launinta, ka bar ramukan fata yadda suke, ka tura. Washegari ka ga an ɗora hoton an bi shi da filtar waya. Fuska ta yi fari fat, wuya da hannu suna nan baƙaƙe, hanci ya ɓace, gira ta narke, kuma sunanka na nan daram a kusurwa. Duk wanda ya gani cewa zai yi kai ka yi wannan ɓarnar. Ba ka da bakin magana, in ka yi ƙorafi a ce ai hotonsu ne. Ni ba ma masu hoton nake jin haushi ba. Haushina yana kan 'yan'uwanmu masu gyara da suka koya wa jama'a cewa gyaran hoto shi ne a mai da mutum fari. Su ja Luminance na lemu, wato hasken launin ruwan lemu, har ƙarshe, su goge fata da Blur, su yi hoto ɗari cikin awa ɗaya, su kira shi aiki. Sun lalata idon mutane. Yanzu ka ba mutum hotonsa na gaskiya, mai kyau, sai ya kalle ka ya ce "ba ka gyara ba ne?" Wallahi babu kalmar da ta fi wannan kashe gwiwa. Kuma mafi ciwo, sabon shiga irinka ya ga su ake yabo, sai ya ɗauka nasa hannun ne bai iya ba, ya fara bin sahunsu, ko ya fara zargin kyamararsa kamar yadda kake yi yanzu. Wasunsu har sayar da saitin da suka haɗa suke yi, saitin da aka gina kan farar fata a hasken wata ƙasa, ka danna shi kan baƙar fuska ta koma ruwan lemu. Kada ka sayi ko ɗaya.

Abin ma ba yau ya fara ba. A shekarun 1950 kamfanin fim na Kodak yana raba wa masu wanke hoto katin daidaita launi mai ɗauke da hoton farar mace, wanda aka sani da katin Shirley, da shi ake saita injuna. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai mata uku masu launin fata daban-daban. Ko a waya, sai a 2021 Google ya fito da Real Tone a Pixel 6 don wannan matsalar. Saboda haka in kayan aiki na ba ka wahala a kan fatarmu, ba kai kaɗai ba ne.

To, maganar ido. Lens ɗinka lafiyarsa ƙalau, f/1.8 ɗin da ka maƙale wa shi ne ke cin ka. A kan sensa irin taka, idan mutum na nesa da kai mita ɗaya da rabi, zurfin da zai fita garau a f/1.8 bai wuce kusan santimita 6 ba. Ya ɗan sunkuyo, ko kai ka ja numfashi ka karkata, shi ke nan fokas ya bar ido ya koma kunne ko kan hanci. A f/2.8 za ka samu kusan santimita 10, a f/4 kusan 14, kuma lens ɗin kansa ya fi kaifi a nan fiye da buɗe shi gaba ɗaya. Bayan hoto zai ci gaba da narkewa in ka nisanta mutumin da bango mita uku ko huɗu. Mutum biyu ko uku kuwa, kada ka sauka ƙasa da f/5.6, kuma ka jera fuskokinsu a layi ɗaya. Ga abin da masu ce maka ka sayi babbar sensa ba za su gaya maka ba: in ka cika hoton da fuska daidai yadda ka saba, zurfin a can ya fi wannan ƙanƙanta. Idon zai ƙara kuɓuce maka ne.

Daina barin kyamara ta zaɓi wurin fokas da kanta, abin da ya fi kusa take kamawa, galibi hanci ko kafaɗa. Zaɓi ɗigo ɗaya, ka matsar da shi kan idon da ya fi kusa da kai. Dabarar nan ta kama fokas da ɗigon tsakiya sannan a karkatar da kyamara tana aiki daga nesa, amma kusa-kusa a f/1.8 tana jefa fokas bayan ido. A saitin fokas, mai zaune One Shot, yaro mai motsi AI Servo. Idan ka bi duk wannan kuma har yanzu fokas na faɗawa gaba ko baya kullum a wuri ɗaya, gwada da Live View, wato ɗauka ta sikirin ɗin baya, a kan tebur. In ya fita garau a can amma ta madubin leƙe bai fita ba, to lens da kyamara ne ba su daidaita ba, wannan sai mai gyara, don ƙananan kyamarori da yawa ba su da wurin saita shi a menu.

Sai saurin ɗauka. Tsohuwar ƙa'ida ita ce ɗaya bisa tsawon lens, kuma 50mm a Canon APS-C ana ninka shi da 1.6, ya zama kamar 80mm. Wato 1/80 na daƙiƙa shi ne ƙarshen ƙasa don rawar hannunka kaɗai. Amma mutum yana ƙiftawa, yana dariya. Ka tsaya a 1/200 ko 1/250. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau 800 ko 1600, ka bar shi ya hau. Hoto mai ɗan tsaki ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan. A cikin ɗaki ƙarƙashin wasu fitilun LED ko dogon ƙwai, in ka ga launi na sauyawa daga hoto zuwa hoto ko ratsi-ratsi, fitilar ce ke ƙiftawa da wutar lantarki. Inda wuta take 50Hz sauka zuwa 1/100, inda take 60Hz zuwa 1/125. Da filasha kuma kada ka wuce 1/200 a irin kyamararka, in ba haka ba za ka ga baƙin layi a gefen hoto.

Filasha ma da na ambata, don Allah kashe ƙaramar nan ta saman kyamara. Baƙar fata tana nuna siffarta ne ta yadda haske ke sheƙi a kanta. Ƙaramin haske mai ƙarfi daga gaba zai bar farin tabo a goshi da kan hanci, sauran fuskar ya zauna a duhu. Haske mai faɗi kake so, kuma kusa. Tsayar da mutum gefen babbar taga, hasken na zuwa ta wajen digiri 45, ka kashe fitilar ɗakin don kada launi biyu su haɗu a fuska ɗaya, wannan babu manhajar da ke raba su da kyau. A ɗaya gefen sa farin kwali ya mayar da haske. Fari, ba mai ruwan zinare ba, zinaren yana sa fata ta yi ja. Ka tuna in ka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa fuska kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage. A waje kuwa, bakin inuwa, fuska na kallon sarari. Kada ƙarƙashin bishiya mai ganye da yawa, koren yana sauka a fata. Kuma ka riƙe tishu, a danna goshi da hanci kafin ɗauka, ya fi minti ashirin na goge maiƙo a kwamfuta.

Da ka zauna gyara, fara da White Balance, wato daidaita launin haske da ake aunawa da K, kafin komai. Rana wajen 5200 zuwa 5500K, gajimare 6000K, inuwa 7000K, tsohon ƙwai mai ruwan ɗorawa 3200K. In ka ɗauki katin toka a hoton farko, danna shi da ɗigon zaɓen launi ka kwafa wa sauran. Gwada sauya Profile daga Adobe Color zuwa Camera Neutral ko Camera Faithful, sau da yawa jan da ke fata yana lafawa nan take. Shadows kada ya wuce +30 a hoton gaba ɗaya. In fuska na son ƙari, yi mata Mask, wato ka ware ta ita kaɗai, ka ƙara Exposure 0.3 zuwa 0.5, sannan ka ɗan sauke Blacks don baƙin gira da gashi su dawo, rashin baƙi na gaske a fuska shi ne ke sa ta toka. A HSL, wurin gyara kowane launi daban, fata na zaune a lemu da ja. Luminance na lemu kada ya wuce +10, Saturation ɗinsa in ya yi yawa sauke -5 zuwa -10. Clarity ka nisanta shi da fuska. Texture, wanda aka ƙara a Lightroom a 2019, -10 zuwa -15 ya isa. Ƙurajen da za su warke cikin mako a cire su, amma tabon haihuwa da tsohon tabo ka tambayi mai su tukuna. Duba wuya da hannu kowane lokaci, in launinsu ya rabu da na fuska ka wuce gona da iri. In Lightroom ya yi maka nauyi, Darktable da RawTherapee kyauta ne kuma suna buɗe RAW.

Rage hasken sikirin ɗin kwamfutarka ma, yawancinmu a cike muke barinsa, sai mu riƙa fitar da hoto mai duhu ba mu sani ba. Wayar da kake gwadawa a kai ka cire ta daga Vivid. Wurin fitarwa zaɓi tsarin launi na sRGB, in ka bar Adobe RGB launi zai iya mutuwa a wasu wayoyin, wannan ma wata hanyar toka ce. Girman hoto kuwa, Facebook pixel 2048 a dogon gefe, Instagram 1080 da 1350 in a tsaye ne. A WhatsApp kuma tura shi a matsayin Document, in ba haka ba zai matse shi, fatar da ka wahala a kanta ta dagule. Ɗora mana hoto ɗaya da ba ka taɓa ba, tare da f, saurin ɗauka da ISO ɗinsa, mu ga ko fokas ne ko girgiza, don maganinsu ba ɗaya ba ne.