Amsa ga malamar da ɗalibanta ke cewa 1/8 ya fi 1/4

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce 'yan aji huɗunki sun kafe a kan cewa 1/8 ya fi 1/4 girma tunda 8 ta fi 4, kina neman yadda za ki cire musu wannan a kai. Ni ma lissafi nake koyarwa a firamare, kuma kowace shekara sai na tarar da hakan. Ba dolanci ba ne. Tun aji ɗaya muke nanata musu cewa babbar lamba ita ce mai yawa, sai ga shi mun sa 8 a ƙasa mun ce ƙarami ne. Ai da gaskiyarsu.

Ki ajiye alli tukuna. Ki samu tsofaffin takardu ki yayyanka su dogo-dogo, kowane yaro ya samu uku. Ta farko ya ninka sau ɗaya, ta ba shi gida biyu. Ta biyu sau biyu, gida huɗu. Ta uku sau uku, gida takwas. Ya yage gida ɗaya daga kowace, ya jera su a benci, sai ki tambaye shi: da rake ne, wanne za ka ɗauka? Ban taɓa ganin wanda ya miƙa hannu ga na takwas ɗin ba. Sai a nan za ki rubuta 1/8, ki ce lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abin ne, masu rabo in sun yi yawa kason kowa raguwa yake.

Amma ki kula, tilas takardun su zama tsayi ɗaya. In wata ta fi wata, kwatan doguwa zai iya fin rabin gajeriya, kin ƙara rikita su ke nan. Zanen da'ira a allo kuwa ni na rage shi, don da hannu ba a cika raba ta uku daidai ba, yara kuma idonsu na gani.

Bayan takarda sai marafan kwalbar lemo, guda 24. Na zaɓi 24 ne don tana rabuwa 2, 3, 4, 6 da 8 ba saura. Rabi 12 ne, sulusi 8, rubu'i 6, sudusi 4, sumuni 3. Waɗanda suka yi nisa a Islamiyya sun san sunayen nan daga Suratun Nisa'i: aya ta 12 ta ba matar mamaci rubu'i in bai bar ɗa ko 'ya ba, sumuni in ya bari. Malaman gado ma a kan 24 suke kafa lissafi idan sumuni ya haɗu da sudusi.

Marafan nan za su yi miki aiki a gaba, don wallahi kina fara tarawa wani zai rubuta miki 1/2 da 1/3 sun ba da 2/5. Kar ki ja masa jan biro. Ki ce ya ƙirga: 12 da 8 sun zama 20 cikin 24, kusan duka. Shi kuwa 2/5 ko rabi bai kai ba. Yaya za a ƙara wa rabi abu ya fito ƙasa da rabi?

In ajin naki cike yake, kamar yawancin namu, ki raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da marafansa a leda. Ki ce su kawo daga gida, cikin mako ɗaya za su tara miki fiye da buƙata.